Ba Faɗuwa Ya Yi Ba

Laraba ce, a Sheffield, ana yayyafin nan
da ba ya jiƙa mutum sai da yaudara.
Ashiru ya dawo makaranta da jirgin takarda,
ya ci taliya ya bar rabi,
ya yi rigima da ƙanwarsa kan cokali mai shuɗin hannu.
Ƙarfe tara ya ce, “Baba, wuyana.”
Na ce kwanciya ce ba daidai ba.
Ni da hannuna na shafa masa man zafi,
ni da bakina na ce ya yi barci.

Ƙarfe biyu ya kira ni da wata murya
da ban san yana da ita ba.
Na tsayar da shi, ƙafafun suka zube
kamar wandon da ya suɓuce daga igiyar shanya.

A asibitin yara, daura da lambun Weston,
tambaya ɗaya suka yi ta juyawa kamar waina a tanda.
Ya faɗi? Daga gado? Daga keke? A matakala?
Ko wani ya...
Matar mai riƙe da fayil ba ta ƙarasa ba,
hannuwana kawai ta duba.
Hannuwan da suka shekara tara suna jera burodi a gidan gashi,
na cusa su aljihu kamar na sato su.
Ba faɗuwa ya yi ba.
Rakiya ta faɗa da Turanci, ta faɗa da Hausa,
daga baya bango take faɗa wa.

Suka tura shi cikin bakin injin hoto
mai ƙara kamar ana sussuka a gida goma.
Dakta Pemberton ta juyo mana da allon,
ta ɗora bakin biro kan wani tabo
da bai kai ƙwallon dabino ba.
Jini ne, ta ce. Da kansa ya tsiyayo,
ya daskare a bayan laka, ya danne ta.
Na ce, wa ya fasa?
Ta ce babu kowa. Wata siririyar jijiya ce.
Da wuya yake faruwa, amma yana faruwa,
kuma yanzu awanni muke ƙirgawa.

Na sa hannu a takardar tiyata.
Sunana ya fito a karkace.

Carbi na gida, sai gaɓoɓin yatsu.
Inna ta kira daga Funtuwa, asuba ta riga mu can,
ta ce, “Wannan ba banza ba, akwai hannu.”
Wallahi na so a ce akwai.
Mai baki, mai ido, ko da matakalar ce
in sa guduma in farfasa ta.
Ciwo mai uba ana samun wanda za a zaga.
Namu maraya ne.

Suka buɗe ƙashin baya kamar murfin akwati,
suka kwashe gudan jinin, suka rufe.
Kwana ɗaya, shiru. Biyu, shiru.
Ina matsa tafin ƙafarsa, yana kallon silin.
“Ka taɓa ne, Baba?”
“Tukuna,” na ce. Allah Ya yafe mini wannan.

Kwana na shida, Moira mai gashin ƙashi
ta yaye bargo, ta ce ya gaida ta da ƙafa.
Babban yatsan hagu ya sunkuya
kaɗan,
kamar dattijon da ke amsa sallama daga nesa.
Rakiya ta toshe baki da gefen mayafi.
Ni taga na je, na daɗe ina kallon motocin bas.

Yau wata huɗu. Yana jan ƙafar dama in ya gaji.
Tabon yana nan, layi ɗaya ƙasan wuya,
yana gaya wa yara kifin shak ne ya cije shi.
Matar fayil ta tare ni a baranda ta ba ni haƙuri,
na karɓa, na rasa inda zan ajiye.
Man zafin ma yana nan a saman firij.
Ban jefar ba, ban kuma buɗe ba.